Kuɗin sallama guda ne, tsufa kuwa dogo ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tsohon direba ne a nan Tahoua. Shekara 27 ina jan babbar mota, yawanci albasar Galmi zuwa Abijan. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da ƙannena da ritaya ke tunkarowa.

Da na cika shekara 60, kamfanin da na yi wa aiki ya damƙa mini kuɗin sallama a dunƙule. Ban taɓa riƙe irinsu ba. Na aurar da ɗiya biyu, na sayi babura uku na ba yara kabu-kabu, ƴan'uwa suka yi ta sallama a zaure, kuma wa zai ce wa ɗan ƙanensa babu? Kafin damina ta uku ba sauran ko dala. Babur ɗaya ne ke tafiya yau.

Abin da ke riƙe da gidana shi ne fanshon CNSS, wato asusun ƙasa da ma'aikata ke zubi a ciki don ritaya, wanda a da nake rainawa in na ga an zaftare shi a albashi. Ba shi da yawa, amma muddin ina numfashi zai zo, in na rasu kuma iyalina na da rabonsu. Sai dai sai mutum ya cika wata 180 na zubi. Wani abokina, karen mota muka fara tare, sai da ya tsufa ya gano maigidansa bai taɓa zuba masa ba. Don Allah ku je ku duba sunanku tun da sauran ƙarfi.

Kamfanonin inshora ma suna da irin wannan tsari: ka ba su dunƙulen kuɗi, su riƙa ba ka kaɗan-kaɗan har ƙarshen rai. Da na sani da na sa rabi a nan, bayan na tambayi malamai hukuncinsa. Rabi kawai na ce, domin na ga 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Mahaifina na karɓar adadin da ya saba, amma buhun shinkafa ya fi ƙarfinsa. Sauran rabin da ɗakunan haya zan gina, ko in sayi tumaki, tunda su farashinsu na bin kasuwa.

Ina roƙon jaridarku ta gayyato masana su warware mana takardun fansho da na inshora da Hausa, don yawancinmu da Faransanci aka ba mu muka sa hannu.

Naka,
Tsohon direba, Tahoua