Kafin ka sabunta QEMU, duba 'yar rakiyarsa

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in ja kunnen 'yan'uwana masu koyar da kwamfuta.

Ina da 'yar makaranta a Zariya, kwamfutoci takwas, duk tsofaffi. Da yake ba mu da halin sayen na'urori, da QEMU muke aiki, wato manhajar da ke gina kwamfuta a cikin kwamfuta, yaro ya ɓata ta ya sake gina wata, ba asara. Sai dai ta cikin ba ta isa intanet ita kaɗai. Tana buƙatar 'yar rakiya, wata ƙaramar manhaja mai fitar mata da saƙo ta dawo mata da amsa.

Wata Asabar na sauko da sabuwar sigar QEMU, na harhaɗa ta da kaina, wato na mayar da rubutun manhajar abin da kwamfuta za ta iya kunnawa, na kwafa a filash na zuba wa sauran. Ran Litinin ɗalibai suka zo, ko ɗaya ba ta tashi ba. Na zargi filash ɗin, na zargi yaron da ke taya ni, janareto na ta shan mai har azahar. Ashe laifina ne, kuma bayanin na nan a kan allo, gaggawa ce ta hana ni karantawa. Tun daga siga ta 7.2, wadda ta fito a Disamban 2022, QEMU ya daina zuwa da slirp, wato 'yar rakiyar tasa, a cikinsa. Sai ka girka ta daban, da sunan libslirp, kafin ka harhaɗa, in ba haka ba ka gina gida babu ƙofa.

Masu komawa passt, wata 'yar rakiyar ta daban, su ma su lura. Daga 7.2 ne QEMU yake iya haɗuwa da shi kai tsaye. Wanda ya girmi haka sai an saka qrap, wata ƙaramar manhaja mai haɗa su, a tsakani. Mai amfani da libvirt kuwa, manhajar sarrafa kwamfutocin cikin, sai daga sigarsa ta 9.0 libvirt ya san passt.

Yanzu akwai kwali manne a bangon ajinmu, na rubuta lambar sigar kowacce a kai. Duk sabon abu a kwamfuta ɗaya nake gwada shi, sai na ga shafi ya buɗe daga ta cikin sannan in taɓa sauran bakwai. Yaron nan kuwa na ba shi haƙuri a gaban ɗalibai.

Naka,
Wani malamin kwamfuta, Zariya