Amsa ga ɗan ƙanwata: daga ina naman sadakar maharba yake fitowa?

Assalamu alaikum, ɗana.

A taron lajna, wato kwamitin unguwa, ka miƙe a gaban dattawa ka ce da ni: “Kawu, naman da ƙungiyarku ta maharba take raba wa marayu, daga ina yake fitowa? In daga dajin Dindir ne, kun ciyar da maraya yau kun cinye gadon jikokinsa. Kuma me ya sa sai masu bindiga ne za su yi aikin alheri, ga takiyya mai dafa wa jama'a abincin sadaka, ga masallaci?” Wasu sun ga kamar ka yi mini tsaurin ido. Ni ban gani haka ba. A bainar jama'a ka yi tambayar, shi ya sa na ga ya dace amsar ma ta fito fili.

Naman ba na Dindir ba ne, wato gandun namun dajin nan na ƙasarmu Sudan, kuma ba na wani daji ba ne. Naman sa ne da muke saya a kasuwar dabbobi da rana tsaka, da dillali da shaidu. Kowane ɗan ƙungiya yana zuba karo-karo a ƙarshen wata gwargwadon ƙarfinsa, 'yan uwanmu da ke aiki a Jidda da Riyad suna turo nasu ta manhajar banki ta Bankak, idan Sallah ta gabato mu yi watanda irin wadda iyayenmu suka saba, sai dai kason da za mu kai gidajenmu shi ne muke kai wa gidajen da babu uba. Akwai littafin da ake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ba a kulle yake ba, duk ranar da ka so ka zo ka duba.

Dalilin da ya sa ba ma kawo naman daji ya fi amsar kanta muhimmanci a wurina. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah Mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai mai tsarki. Dabbar da aka shiga gandun da hukuma ta hana aka harbe ta da dare, aka fito da ita a ɓoye cikin buhun gawayi, ba ta komawa halal don an kai cinyarta gidan bazawara. Farauta kanta babu laifi a cikinta. Suratul Ma'ida ta halatta abin da karen da aka horar ya kama idan an ambaci sunan Allah, kuma a Risalar da ni da kai muka karanta a zaure an faɗa a sarari cewa farauta don wasa makruhi ce, wadda ba ta wasa ba halal ce. Amma halaccin sana'a bai ba mutum izinin ɗaukar abin da yake na al'umma duka ba. Sarkin Bakanmu, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya kafa wannan sharaɗi tun ranar da aka fara maganar rabo: abin da ba za ka iya nuna wa jami'in kula da namun daji ba, kada ka shigar da shi tukunyar maraya.

Kai ka karanci daji a jami'a, ka fi ni sanin abin da ke cikin takardu. An keɓe Dindir tun 1935, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 10,000, UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take kulawa da su a 1979. Ni kuma da ƙafa na san gefensa. Tsofaffin maharban da suka koya mana suna ba da labarin raƙumin dawa yana kiwo a kan itatuwan talha, ni da sa'o'ina labarin kawai muka gada, domin tun shekarun 1980 ya ɓace daga wurin. Akwai sauran ɓauna da gadu da jimina da kwanta-rafi, akwai zaki, amma wanda ya san yadda bakin maya, wato tafkin da ruwan damina yake bari a gandun, yake cika da sawu da asuba a shekarun baya ya san an yi asara. Ba maharbi kaɗai ya jawo wannan ba, kuma ba zan yarda a ɗora mana dukan kayan ba. Gonakin tarakta da suka fara bazuwa daga Gadarif tun shekarun 1940 sun cinye filayen da dabbobi suke fita idan damina ta sauka laka ta kore su daga cikin gandun. Garkunan shanu suna shiga da rani su shanye ruwan mayoyi. Masu ɗibar zuma da masu ƙona gawayi suna tayar da gobara. Sai dai harsashi ma ya ci nasa kason, kuma kason ba kaɗan ba ne. Maharbin da ya ce hannun 'yan sana'armu bai taɓa wannan ɓarna ba, bai faɗi gaskiya ba.

Abin da ya rage mana na farauta ɗan kaɗan ne: zomo da zabo a bayan gari bayan an gama girbi, da takardar izini, kuma ba ma taɓa mai ciki ko mai kwanci a kan ƙwai. Ko da a ce doka da addini sun sakar mana mara, lissafin ba zai fita ba. Takiyyar unguwarmu tana ɗora tukwane don ɗaruruwan baki, adas da balila take dafawa, su ne suke isar jama'a. In da naman daji za a ciyar da wannan taro, kafin azumi guda ya ƙare an share dajin. Abin da muke kai wa takiyya shi ne busasshen itace da ruwa a kan keken jaki, da ƙarfin ɗaga tukunya. Matan da ke tsaye a bakin wuta tun asuba su ne masu aikin, mu 'yan aikensu ne.

To, sai rabin tambayarka na biyu, wanda shi ne ya fi tsaya mini a rai. Me ya sa maharba?

Kowa zai iya sayen sa ya yanka. Ɗan kasuwa ya fi mu iya wannan, don ya fi mu kuɗi. Abin da maharbi yake da shi wanda ba a sayarwa a kasuwa shi ne sanin daji, kuma ka ga ranarsa a daminar 2024. A ƙarshen watan Yuni yaƙin Sudan ya iso Sinja, bayan 'yan kwanaki ya kai garin Dindir, hanyoyin mota suka zama abin tsoro, jama'a suka fantsama gabas suna neman Gadarif a ƙafa. Yawancinsu mutanen birni ne, wasu ma karo na biyu ke nan da gudu, don daga Hartum ko Madani suka zo. Ba su san baƙar ƙasarmu ba. Ba su san cewa idan ta sha ruwa takan kama takalmi ta tsinke shi, ƙafa ta yi nauyi har mutum ya kasa ɗaga ta. Ba su san cewa kwarin da ka tsallake da safe ruwa a idon sawu zai iya kaiwa wuya kafin la'asar saboda ruwan da aka yi a tudun Habasha, alhali a kanka ko hadari babu.

Mutanenmu suka rabu biyu-biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kamar yadda muke yi idan muna bin sawu. Na gaba yana riƙe da doguwar gora yana caka ƙasa, yana bin inda ciyawa ta nuna akwai jigawa a ƙarƙashi. Na baya aikinsa ƙirga kawuna da tsintar wanda ya gaji. A bakin wani kwari na ga an ɗaure igiyar rijiya daga gindin aduwa zuwa wancan gindin, maza suka tsaya cikin ruwa har ƙirji suna miƙa wa juna yara hannu da hannu. Akwai wata tsohuwa mai ciwon sukari da ƙafarta ta kumbura, aka kwance ƙofar langa-langa ta wata bukkar gona aka ɗora ta a kai, mutum huɗu suna ɗauka suna sauyawa. Ba Bahaushiya ba ce, ba wanda ya tambaye ta ƙabilarta. Da suka yada zango, wani cikin yaranmu ya tona yashin gefen kwari har ruwa ya tsatso, ya tace shi da rawani, ya hana kowa shan na kududdufi. Babu wanda ya harba bindiga ko sau ɗaya a waɗannan tafiye-tafiye. Yawancinmu ma a gida muka bar ta, don a wancan lokaci ganin bindiga a kafaɗarka zai iya jawo wa dukan ayarin halaka.

Wannan shi ne nake kira sadakar maharbi. Kuma ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka kafa Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu, da alhazan da suka riƙa ratsa wannan ƙasa a ƙafa shekara da shekaru, ba su iso nan ba sai da wani a cikinsu ya san inda ruwa yake da inda zaki yake kwana.

Yanzu da aka koma gonaki aikin ya sauya kama. Akwai ragowar makamai da ba su fashe ba a cikin ciyawa, kuma mai yawo a daji shi yake fara ganinsu. Umarninmu ɗaya ne: kada ka taɓa, ka sa alama da ƙaya daga nesa, ka sanar da hukuma, ka bi gida-gida ka gaya wa yara masu kiwo. Akwai saran maciji a lokacin yankan riɗi da dawa, kububuwa da kasa suna ɓuya a ƙarƙashin dami. An san maharba da magani, shi ya sa ƙofarmu ake fara ƙwanƙwasawa da tsakar dare, kuma mun yi amfani da wannan amana wajen hana tsaga da ɗaurin da ke kashe ƙafa: a kwantar da mutum, a sa wa ƙafar karan ɗori kada ta motsa, a nufi asibiti inda allurar dafi take. Haka ciwon kala-azar, mai kawo dogon zazzaɓi. Ɗan ƙudan da ke kawo ta yana zaune ne a tsagewar baƙar ƙasa, wajen talha da aduwa, daidai inda leburorin gona suke shimfiɗa tabarma su kwana. Idan muka tarar da yaro a wata ruga ya yi makonni yana zazzaɓi, ya rame, saifa ta kumbura, ba ma barin a ci gaba da ba shi jiƙo, mukan ɗauko shi. Allurar kwana 17 ce, amma in ba a yi ta ba yawanci mutuwa ce. Sai gadin gonakin zawarawa idan gwaggon biri da gadu suka matsa, da share layin wuta kafin ciyawa ta bushe. Wannan na ƙarshe gayya muke kira, nafir kamar yadda maƙwabtanmu suke cewa, kuma tare da su muke yi.

Na san akwai abin da ba ka furta ba a taron, amma na ji shi a cikin kalmar “masu bindiga”. Kana tsoron ƙungiyar da ta fara da rabon nama ta ƙare da tsare hanya. Tsoronka yana kan hanya, ɗana. Duk wanda ya rayu cikin rikicin ƙabilancin da ya faru a Rusairis da Wad al-Mahi a 2022 ya san saurin da maƙwabci yake komawa abokin gaba, kuma ya san wa ake fara nunawa da yatsa. Saboda haka ƙungiyarmu ba ta kafa shinge, ba ta kama ɓarawo ta yanke masa hukunci, ba ta shiga rigimar manomi da makiyayi da makami. Idan saniya ta ɓace muka bi sawu har ya shiga wani gari, a bakin garin muke tsayawa mu nemi shehinsu. Ranar rabo ba a zuwa da bindiga, ba a yin kirari, ba a ɗaukar hoton wanda aka ba. Da dare ake kai kason, yaro ya ajiye ya yi sallama ya juyo. Matar da mijinta ya rasu ba ta buƙatar duk unguwa ta san abin da ya shiga tukunyarta.

Ba zan ce maka duk mai kwari da baka a wannan yanki yana bin abin da na lissafa ba. Akwai masu shiga gandun har gobe, wasu kwaɗayi ne, wasu kuma yunwa ce ta gaske, mutum yaƙi ya cinye masa gona da jari, yaransa suna kuka. Wanda muka tabbatar ɗan ƙungiya ne mukan cire sunansa, amma cire suna ba ya cika masa rumbu, kuma gobe zai koma. Abin da muka fara gwadawa shi ne ba irin waɗannan rancen koma da ƙugiya daga asusunmu, tunda kogi yana kusa kuma kamun kifi sana'ar Bahaushe ce a wannan ƙasa tun zuwan kakanni. Asusun ƙarami ne, masu buƙata sun fi shi yawa.

A nan nake neman hannunka. Muna ganin sawu da kashin dabba a kewayen gandun, mun san wace maya ce ta ƙafe da wuri bana, mun san inda ake ɗana tarkon waya, amma duk a ka yake, babu wanda ya iya rubuta shi yadda jami'an namun daji za su karɓa su yi aiki da shi. Kai ka iya. Muna zama kowace Alhamis bayan la'asar a zauren Sarkin Baka. Ka zo da takarda da alƙalami, ka zo da abokan karatunka in suna so, littafin kuɗin ma za a ajiye maka shi a kan tabarma.

Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka,
magatakardan ƙungiyar maharba