Kafin a ce "a yi mata format"

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in ja kunnen 'yan uwana masu gyaran kwamfuta a Kano, da ni kaina. Daga Titin Beirut har Farm Centre, da zarar manhaja ta fara ɗaukewa ana tsakiyar aiki, maganinmu ɗaya ne: a yi format.

Kwanan baya wani Alhaji mai shagon magani ya kawo mini kwamfutarsa mai Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux. Manhajar lissafin da wani yaro ya rubuta masa da harshen C ce ke rufe kanta. Sau biyu ana yi wa kwamfutar format, kowanne da kuɗinsa, amma ba ta sake zani ba.

Da na kunna manhajar ta tamina, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, sai ga rubutu: Segmentation fault (core dumped). Wato ta taɓa wani gurbi a ƙwaƙwalwa da ba nata ba, Linux ya kashe ta da sigina mai lamba 11. Shi kuwa core, kwafi ne na abin da ke ƙwaƙwalwar manhajar a daidai lokacin da ta faɗi. Sunan ya samo asali ne daga 'yan zobban maganaɗisu da kwamfutocin shekarun 1950 da 1960 ke ajiye bayanai a ciki.

Na nemi fayil ɗin core na rasa, ashe ulimit -c, wanda ke ƙayyade girman core da za a ajiye, a sifili yake. Na mayar da shi unlimited, na sa yaron ya sake haɗa manhajar da alamar -g don lambobin layuka su fito, muka zauna jira. Tana faɗuwa na buɗe core ɗin da gdb, manhajar binciken kurakurai, na rubuta bt, umarnin da ke nuna layin da ta faɗi. Haruffa biyu kacal! Ga layin nan ƙiri-ƙiri: manhajar tana ajiye lissafi a filash, kuma yaron bai sa ta duba ko fayil ya buɗu ba. Ashe ɗan Alhaji ne ke zare filash ɗin yana kwafar karatu. Layi uku aka ƙara, magana ta ƙare.

Sai dai a kula, core na iya ƙunsar kalmar sirri da sunayen abokan ciniki. Yaron har ya ɗauko waya zai tura shi zauren WhatsApp, na riƙe hannunsa.

Alhaji dai har yanzu yana tambayata wa zai biya shi kuɗin format biyu.

Naka,
Mai gyaran kwamfuta,
Titin Beirut, Kano