Na samu natsuwa bayan rasuwar mijina, dangi sun ce na manta da shi

Assalamu alaikum Malama. Ina yi miki fatan alheri, Allah ya ƙara basira. Ni mai sauraron shirinki ce daga Kano, ina roƙon a sakaya sunana.

Maigidana ya rasu cikin azumin 2023, bayan jinyar kwana tara ta hawan jini. Ɗan kasuwa ne, yana sayar da atamfa a Kantin Kwari. Shekararmu goma sha huɗu da aure, ya bar ni da yara uku.

Malama, ba zan ɓoye miki ba, kwanakin farko bakina kawai ke faɗin Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, zuciyata ba ta tare da shi. Masu gaisuwa su ce "ya haƙuri?", in ce "da godiya", alhali babu ko ƙwayar godiya a raina. Hularsa tana rataye a ƙusar bayan ƙofa, nakan sauko da ita cikin dare in shinshina ƙamshin turarensa, in yi kuka har a kira assalatu.

Ina cikin takaba wata maƙwabciyata, tsohuwa mai koyarwa a Islamiyya, ta koya mini addu'ar Ummu Salama, wadda ake roƙon Allah ya ba da lada a kan musiba, ya kuma musanya da abin da ya fi alheri. Na ce mata, Inna, wa zai fi mini Baban yara? Sai ta yi murmushi ta ce ai ita ma Ummu Salamar haka ta tambaya game da Abu Salama, daga baya Annabi (SAW) ya aure ta. Na riƙe addu'ar. Tunda barci ya ƙaurace wa idona, sai na mayar da daren na nafila. Kafin wata huɗu da kwana goman nan su cika, na haddace Tabaraka, ni da a da Fatiha da ƙananan surori kaɗai na iya.

Da aka raba gado aka ba ni tumunina, na sari atamfa turmi goma wurin wani abokin marigayi, na fara tallatawa a WhatsApp. Ni da ban san kuɗin kwanon shinkafa ba, don shi ke yin cefane, yau ni ke biyan kuɗin makarantar yara. Duk Juma'a ina dafa abinci in ba almajirai da niyyar ladan ya kai gare shi.

Ga inda gizo ke saƙar. Ran nan wajen wani suna ina dariya da mata, sai ƙanwar marigayi ta dube ni ta ce, "Kin yi ƙiba, kin yi fes, kamar dama jira kike yi." Hajiya, mahaifiyarsa, ba ta ce uffan ba, amma tun ranar ko na gaishe ta ciki-ciki take amsawa. Ban ga laifinta ba, ita ɗa ta rasa.

Maganar ta tsaya mini a rai, domin akwai abin da nake jin nauyin faɗa: na fi kusanci da Ubangijina yanzu a kan lokacin da mijina yake raye. Nakan yi sujada in gode wa Allah da yadda ya sauya ni, sai kuma gabana ya faɗi, in ce anya ba mutuwarsa nake gode wa ba?

Malama, wannan godiyar cin amanarsa ce? Yaya zan yi da Hajiya, in je in buɗe mata cikina ko in bar wa lokaci? Sannan babban ɗana, mai shekara goma sha uku, ko sunan babansa aka ambata sai ya tashi ya bar wurin, har yau ban ga hawayensa ba. Ta ina zan ɓullo masa?

Hular dai tana nan a ƙusarta, ban iya cire ta ba.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

'Yar'uwarki, daga Kano