Rahoton ayyukan shekara na kungiyarmu ta masu ziyarar gidajen gyaran hali

Assalamu alaikum iyayen kungiya, shugaba da sauran yan uwa maza da mata. Kaman yadda aka saba duk karshen shekara ga bayanin abinda aka yi da kudinku da lokacinku, lissafin kudi dalla dalla yana hannun ma'aji zai karanto ranar taro, ni nawa bayanin aiki ne.

Ziyara dai bata tsaya ba alhamdulillah. An kai sabulu da omo da man shafawa da maganin kaikayi, da azumi an kai dabino da sikari da gero, iyayenmu mata kuma sun shiga bangaren mata da audugar mata da kayan jarirai. An biya wa wasu tara sun koma gida, yawanci kudin bai taka kara ya karya ba amma rashinsa ne ya zaunar dasu. Masu jiran shari'a kam abin yafi karfinmu, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen dake tsare a kasar nan ba'a yanke musu hukunci ba, lauyoyinmu na sa kai suna iya bakin kokarinsu Allah ya saka musu.

Abinda yafi cin lokacinmu bana shine zaman ba da labari da muka bude. Tabarma ake shimfidawa kowa ya fadi yadda akai ya tsinci kansa a ciki, mai boko ya rubuta da boko wanda yayi allo ya rubuta da ajami, littafi da biro kuma sai gandirobobi sun duba a kofa sannan su shiga. A cikinsu akwai wani bawan Allah da kotu ta yanke wa hukuncin kisa karkashin sashe na 221 na Penal Code, wato dokar hukunta laifuka ta jihohin arewa, rikicin iyakar gona ne ya kai ga rai. Farkon zuwansa in ya fara sai ya dade akan gonar da zagin da aka masa da yadda yan sanda suka kama shi, yana zuwa kan ainihin abin sai ya tsallake ya fada zancen kotu, malamin ajin bai taba matsa masa ba. Bayan damina ne ya kawo wasu shafuka na ajami da ya rubuta akan mamacin, ashe makarantar allo daya suka yi suna yara, ya rubuta har yadda suke raba dumame da safe kafin su fita, ya jero yayan da mutumin ya bari da sunansu. Bai iya karasa karantawa ba sai wani ne ya karba ya karasa masa, wallahi ranar ba wanda ya iya cewa komai har aka tashi. Yanzu shi yake biya wa samarin dakinsu karatu kuma yana koya musu dinkin hula.

Na san akwai membobin da abin bai kwanta musu ba, a taron tsakiyar shekara Hajiyarmu ta fito fili tace marayun da aka bari sun fi shi cancanta da kudinmu, kuma ni a ganina tana da gaskiya babba. Duk mun san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da ya kashe rai 99 ya cika na 100 kuma kofar tuba bata rufe masa ba, to amma hakkin jini na masu jini ne, aya ta 178 a suratul Bakara hannun dangin mamaci ta saka yafiya, mu bamu da hurumin yafe wa kowa a madadinsu. Shi yasa kwamiti ya tsayar cewa rubutunsa ba za'a saka a Facebook ko WhatsApp ba, ba kuma za'a yi yawo dashi ana neman tausayin jama'a ba. Wasikar da ya rubuta wa iyalan mamacin ta hannun mai unguwa da limaminsu muka tura sako ko zasu karba, suka ce ba yanzu ba, muka tsaya a nan, wasikar tana ajiye wajen shugaba. Dan Allah kada wani ya je musu da kansa da sunan kungiya.

Ta bangaren doka, dokar 2019 da ta mayar da hukumar gidajen yari ta zama ta gyaran hali tace a sashe na 12 wanda aka yanke wa kisa in ya gama daukaka kara har shekara 10 ta wuce ba'a zartar ba, babban jojin jiha zai iya mayar masa da hukuncin daurin rai da rai, gwamna ma yana da ikon afuwa a sashe na 212 na kundin tsarin mulki. Gwamnoni basu cika sa hannu a kisa ba shi yasa mutum sama da 3,000 suke zaune haka cikin jira a fadin kasar. Lauyanmu yana bibiyar takardun wannan bawan Allah amma bamu yi masa alkawarin komai ba, mun fada masa haka baki da baki.

Shekara mai zuwa in Allah ya kaimu abu biyu zamu kawo gabanku ku yanke, na farko a ware wani kaso na kudin wata domin marayun wadanda aka kashe, wannan shawarar Hajiya ce kuma kwamiti ya goyi baya. Na biyu biya wa yan ajinmu kudin jarabawar NECO, tunda jami'ar NOUN ta karatu daga gida tana koyar da fursunoni kyauta amma sai da takardar sakandare. Muna kuma neman mai iya karanta ajami sosai ya rika rakamu saboda malamin ajin aiki ya masa yawa, wanda zai iya ya sanar dani kafin ranar taro, wadanda ake bi kudin wata kuma a taho dashi.

Wassalam
Sakataren kungiya