Rumfar tsohuwar mota ba ta son gaggawa

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja kunnen samarinmu na Sakkwato masu aron tsofaffin motoci masu buɗaɗɗen sama don kai amarya ko yawon Sallah.

Ina da Bitil ƙirar 1978 mai rumfar tamfol, gadon baffana ce. Ba irin wadda aka riƙa haɗawa a Legas ba ce, kamfanin Karmann ne ya ƙera ta a Jamus, kuma tun 1980 aka daina yin irinta. In ƙarfe ɗaya ya karye a rumfar, sai dai a yi ta cigiya.

Watan jiya ɗan ƙanwata ya are ta za su kai amarya Arkilla. Da dare ya dawo mini da ita rumfa a yage, ƙarfen hagu a lanƙwashe. Ashe suna cikin tafiya abokansa suka ɓalle ta don a ɗauke su bidiyo, iska ta cika ta kamar laima.

Ba a taɓa rumfa sai mota ta tsaya cik. Ka sauke gilasan gefe duka, ka ɓalle ƙugiyoyi biyun da ke saman gilashin gaba, sannan ka tura ta baya a hankali. Gara ku zama biyu, kowa da gefensa, don in gefe ɗaya ya riga ɗaya ƙarafan kan karkace. Tana naɗewa ka riƙa zaro tamfol ɗin da hannu daga tsakanin ƙarafan, domin almakashi ne sosai, abin da suka matse sun cinye shi. Sai ka danne ta, ka sa mata rigarta.

Wajen ɗagawa kuma an fi ɓarna, musamman da hunturu. Sanyin asuba kan sa tamfol ya ƙanƙance ya yi tauri, ƙugiya ta ƙi kaiwa, mai gaggawa ya ja da ƙarfi ɗinki ya ɓarke. Ni nakan ajiye ta a rana har hantsi, ta yi laushi, sai ta kamu ba gardama. Rana kam ba mu roƙonta a garin nan. Da damina kuwa kada a naɗe ta a jiƙe, cikinta akwai shimfiɗa mai kauri da ke riƙe ruwa, sai fumfuna da wari. Gaɓoɓin ma ba a lafta musu giris, ƙura ce za ta manne. A goge, a ɗiga ɗan mai.

Wani dattijo mai ɗinkin kujerun mota ya yi mata faci, Allah ya saka masa, amma ƙarfen har yau bai koma daidai ba. Shi kuwa ɗan nawa na riga na gaya masa, ranar nasa bikin ya nemi agwagwa da buje, wato Keke Napep.

Naka,
Tsohon direba, Mabera, Sakkwato