Wasiƙa: Motarka na magana, kai kuma ka liƙe mata baki da salatif

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki. Dan Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu mota a garin nan namu na Kaduna, kuma da kaina zan fara dan kar a ce ina nuna wa mutane yatsa.

Kwanakin baya na taso daga Tudun Wada za ni Zariya ɗaurin aure, na wuce Kawo na wuce Rigachikun lafiya lau, sai wata 'yar jar wuta mai kama da buta ta kama a dashbod. Na kalle ta na ɗauke kai. Dalili kuwa, akwai wata ruwan ɗorawa mai hoton inji da ta fi shekara tana ci a motar, da na kai wa wani bakanike sai ya ce Alhaji wannan ba komai ba ne haka 'yan Kwatano suke, ya yanko baƙin salatif ya manna a kai, shikenan wai an gyara. To ni a tunanina duk ɗanjuma ne da ɗanjummai, wuta wuta ce. Ban kai Jaji ba na fara jin ƙwas ƙwas a gaba, kafin in samu wajen fakin inji ya buga. Ɗaurin aure dai a waya na ji yadda aka yi, mota kuma janwe ne ya dawo da ita, kuɗin da na kashe kuwa ko uwargida ban gaya wa gaskiyarsa ba har yau.

Daga baya ne wani mai aikin wayar mota a gareji ya zaunar da ni ya yi min karatun da ya kamata a ce na sani tun ran da na fara riƙe sitiyari. Launi ne kan gaba. Ja na nufin ka nemi gefe ka tsaya, ruwan ɗorawa na nufin akwai matsala kar ka daɗe ba ka kai an duba ba, kore da shuɗi kuma labari kawai suke ba ka, kamar sigina ko babbar fitila, shuɗin nan shi ne fulayit da wasu ke kashe mana ido da shi a Bypass da daddare ba su ma san a kunne yake ba. Butar nan da ta ci ni cewa take baƙin mai ba ya zagaya inji da ƙarfin da ya kamata, ko ya yi ƙasa ko famfon da ke harba shi ya samu matsala, kuma ƙarfe na gugar ƙarfe ba mai ai mintoci kaɗan ya isa. Da na kashe motar a Rigachikun na zaro sandar awon mai na duba wataƙila da galan ɗaya na tsira.

Mai kama da tsinken awon zazzaɓi a cikin ruwa zafin inji ne, kuma dan girman Allah in ta kama kar a buɗe murfin lagireto nan take, ruwan a matse yake yana tafasa, fuska zai wanke maka, a bari ta huce. Hoton batir kuma mutane na ganinsa sai su ruga siyan sabon batir alhali yawanci altaneta ce ta daina caji ko fambel ya tsinke. Da'ira mai alamar motsin rai a ciki, in ka sauke hambirki ba ta mutu ba to duba man birki, wannan ba ta wasa ba ce. Ita kuwa mai hoton injin da aka liƙe min, in tana ci tsaye za ka iya lallaɓawa zuwa gareji, in tana ƙiftawa to inji na misin sosai, wato ba ya ƙona mai yadda ya kamata, kuma zai iya ƙona abin nan na salansa da makanikai ke ce wa indomi. Motocin da aka siyar a Amurka tun daga 1996 duk suna da wajen jona kwamfuta a ƙasan sitiyari, a jona ta faɗi abin da ke damunta, amma mu mun fi son a yi ta canje-canjen kaya ana lalube.

Ga wata dabara ga mai shirin siyan mota ta hannu. Ka murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba, ya kamata wutocin nan su kama gaba ɗaya sannan su mutu bayan ta tashi. In ka ga ta inji ko ta ABS (na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki) ko ta iyabag (jakar iskar da ke fitowa in an yi karo) ba ta kama ba kwata-kwata to ka yi tambaya, akwai masu cire ƙwan.

Yanzu bel, nan ne abin ya fi ci min rai. Tun Janairun 2003 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wato rodsefti, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a ƙasar nan, fiye da shekara 20 kenan, amma har gobe direba sai ya hango 'yan rodsefti ko Kastiliya sannan zai jawo bel ya riƙe da hannu ɗaya ya ce wa na gaba Malam ja naka, ana wuce su a saki kamar an sauke kaya. Masu sabbin motoci kuma da ƙarar ƙin-ƙin-ƙin ta ishe su sai su maƙala shi ta bayan kujera su zauna a kai. Wato dabarar salatif ɗin nan dai ce, a rufe wa mota baki. Wani ya ce babbar rigarsa mai sitaci za ta yamutse, wani ya ce ai nan da Kasuwar Barci ne kawai, wani kuma ya ce in kwana ya ƙare ko bel goma ka ɗaura. Gaskiya ne ajali ba ya wuce lokacinsa, amma mu ne dai aka karantar da mu a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma ban taɓa ganin mai wannan maganar ya kwana ƙofarsa a buɗe ba. Karo a gudun kilomita 50 a awa, gudun cikin gari fa, daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kamar bene mai hawa uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel na rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Wannan bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu wani injiniyan Volvo ne Nils Bohlin ya ƙirƙiro shi a 1959 kuma kamfanin ya bar wa kowa ya kwaikwaya kyauta, mu kuma ga shi a mota kyauta muna zama a kansa.

Iyabag ma da wasu ke taƙama da shi an yi shi ne ya yi aiki tare da bel, in ba ka ɗaure ba kai za ka tarye shi yana fitowa da ƙarfin tsiya. Ɗaurin ma da yadda ake yi, na ƙasa a kan ƙashin ƙugu ba a kan tumbi ba, na sama ya bi tsakiyar kafaɗa, ba wuya ba kuma ba ƙarƙashin hammata ba. Mai juna biyu ta sauke na ƙasan ƙarƙashin cikin. Na baya ma su ɗaura, dan in an yi karo kan na gaba za su faɗo. Sannan iyaye mata, Hajiya ki yi haƙuri, rungume jariri a kujerar gaba ba gata ba ne, hannu ba ya iya riƙe yaro a irin wannan fizgar, yara wajensu baya. Su kuma Golf da Sharon na tasha da ake cusa mutum biyu a gaba ɗaya na kan giya, wa zai ɗaura bel ɗin a cikinsu?

Maganar zaman kujera kuma ba zan ja ta da nisa ba. Samari sun kwantar da ita kamar suna kan gado da ƙyar ake ganin hularsu, masu koyo kuma sun manne da sitiyari. Ka zauna bayanka ya jingina, in ka taka birki ko kuloci har ƙasa gwiwa ta ɗan rage lanƙwasa, ka miƙa hannu wuyan hannunka ya hau saman sitiyari ba tare da kafaɗa ta bar kujera ba, tsakanin ƙirji da sitiyari a samu kamar santimita 25. Matashin kai ɗin nan da wasu ke cirewa su jefa but shi ke tare wuya in an dake ka ta baya, samansa ya yi daidai da saman kanka. Kuma a gyara kafin a tashi, madubi ma haka, ba ana kan gadar Kawo ana laluben ƙarƙashin kujera ba.

Roƙona Malam Edita, ko sau ɗaya ne ku buga hotunan alamomin nan da launinsu da bayaninsu da Hausa a shafi guda, yadda mutum zai yanka ya ajiye a mota, dan littafin da ke zuwa da mota yawancinmu ba mu taɓa ganinsa ba, wanda ya zo da tawa ma da Jamusanci yake. Ni dai na ɓare salatif ɗin, ashe wani ɗan sensa ne a jikin salansa.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Kaduna